Tabaraka a Gidan Bauta: Abin da Ya Kamata Amurka Ta Koya wa 'Ya'yanta

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam da allo a cinya zai gane wannan hannu da kallo ɗaya. Harafin fa da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama, baƙaƙen masu kauri irin na warash ɗin da muka tashi da shi. Bayan bisimilla sai ga Tabaraka, surar da ta buɗe da ambaton Wanda mulki yake hannunsa. Ranar da na fara buɗe hotunan waɗannan takardu a waya, na ɗauka daga cikin wata tsohuwar gafaka aka zaro su a Katsina ko a Borno. Ashe a jihar Karolina ta Arewa aka rubuta su, a shekarar 1831, kuma wanda ya rubuta su bawa ne, dukiyar wani Bature mai suna James Owen. Yanzu suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya saye su a 2017, ya kuma ɗora hotunansu a intanet a 2019 don kowa ya gani.

Umar ɗan Sa'id sunansa, mutumin Futa Toro, can wajen kogin Sanagal. Da alƙalaminsa ya faɗi cewa shekara 25 ya yi yana neman ilmi, ya komo gida, sai wata runduna ta auka wa ƙasarsu ta kashe mutane da yawa, shi kuma aka tasa ƙeyarsa zuwa bakin teku aka sayar da shi. Wata ɗaya da rabi jirgi yana tafiya da su kafin ya sauke su a Charleston. A 1807 ke nan, saura kaɗan dokar hana shigo da bayi daga waje ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1808. Wanda ya fara sayensa, Malam Umaru ya siffanta shi da ɗan ƙaramin mutum, rarrauna, mugu, marar tsoron Allah. Ya gudu daga hannunsa, ya yi ta tafiya har garin Fayetteville, ya ga wani ɗakin ibada ya shiga don ya gana da Ubangijinsa, aka kama shi aka kulle kwana 16. A cikin kurkukun ya sami gawayi ya riƙa rubutu a bango daga dama zuwa hagu, mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Ta haka ya faɗa hannun James Owen, ɗan'uwan John Owen wanda daga baya ya yi gwamnan jihar. A gidansu ya tsufa, a nan ya rasu yana da shekara casa'in da 'yan kai, yaƙin basasar Amurka bai ƙare ba, kuma har ya bar duniya ba a 'yanta shi ba.

An ce masa ya rubuta labarin rayuwarsa, sai ya fara da rubuta surar Mulk kusan gaba ɗayanta, daga ka. Ban yarda cewa katari ya yi ba. Mutumin da ya yi shekara 25 yana karatu ya san cewa mulki da mallaka tushensu ɗaya ne a Larabci. Bawa ne, an ba da kuɗi an karɓe shi kamar doki, aka miƙa masa takarda, abin da ya fara ɗorawa a kanta shi ne mallaka ta Allah ce shi kaɗai. Iyayengijinsa ba su iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Kuma a duba lokacin. Shekara ɗaya kafin nan, a 1830, majalisar Karolina ta Arewa ta kafa dokar da ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu, ta ce hakan yana sa bayi rashin gamsuwa da halinsu, yana kuma jawo tawaye. Bature in ya karya dokar tara ce ko ɗauri, bawa in ya koya wa ɗan'uwansa bulala 39 ce a gadon bayansa. A watan Agustan 1831 ɗin kuwa Nat Turner, bawan da ya iya karatu, ya jagoranci tawaye a makwabciyar jiha ta Virginia, aka ƙara ɗaure dokokin tamau a duk jihohin Kudancin ƙasar.

Amma wurin da ya fi taɓa ni a rubutun ba surar ba ce. Wurin da yake ba da haƙuri ne. Ya ce ba zai iya rubuta rayuwarsa yadda ya kamata ba, domin ya manta da yawa daga harshensa, ya kuma manta da yawa daga Larabci, ya roƙi 'yan'uwa kada su zarge shi. Malami ne da ya shekara 24 babu littafin da ya saba da shi, babu abokin muraja'a, babu ɗalibi ko ɗaya da zai zauna gabansa. Ilmin da ya tara tun yana yaro yana zubewa daga kansa kamar ruwa a kwando, yana ji yana gani.

Wannan ban haƙurin ne ya faɗo mini a rai a watan Yulin 2023, lokacin da hukumar ilmi ta jihar Florida ta amince da sabuwar manhajar tarihin baƙaƙen fata. A cikinta akwai layin da ya ce a koya wa yara cewa bayi sun sami ƙwarewa a wasu sana'o'i, wadda a wasu lokutan ta amfane su su kansu. Ƙasar ta ɗauki zafi. Masu kare manhajar suka ce an tsinci layi ɗaya ne daga cikin shafuffuka masu yawa da ke bayanin azabar bauta, kuma abin da suke nufi shi ne juriyar bayin da dabararsu. Na yarda manhajar ba layin nan kaɗai ta ƙunsa ba. Duk da haka layin ya juya gaskiya ƙasa ta koma sama, domin yana sa yaro ya ɗauka mutanen nan hannu rabbana suka iso, gandun Bature ne ya zame musu makaranta. Alhali da sana'arsu suka zo. Masu gandun shinkafa na Karolina ta Kudu da Jojiya da gangan suke neman mutanen gaɓar da ta taso daga Sanagal da Gambiya zuwa Saliyo, saboda sun gaji noman shinkafa a fadama tun kaka da kakanni. An kwaso maƙera da masaƙa da majema da makiyaya da masunta, an kwaso malamai irin su Umaru. Abin da bauta ta yi wa sana'arsu shi ne ta ƙwace amfaninta ta ba wani, wadda kuma ba ta da amfani ga ubangida, kamar karatun Malam Umaru, aka bar ta ta mutu a ƙirjin mai ita.

Ra'ayina a wannan rigima ba ɓoyayye ba ne. Amurka ta koya wa 'ya'yanta tarihin bauta gaba ɗayansa, ta ɗora musu takardun ainihi a gabansu su karanta da idonsu, kuma kada ta rage masa ɗaci don gudun ɓacin ran kowa.

Na san hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba, kuma ba hujjar banza ba ce. A wurinmu ma ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Suna cewa yaro ɗan shekara goma farar fata, wanda wataƙila kakanninsa ma sai bayan 1900 suka iso daga Italiya ko Folan, me ya yi da za a tsare shi a aji ana karanta masa laifin mutanen da bai sani ba? Jihar Florida ta riga ta yi doka a 2022 wadda ta hana a koyar da cewa dole mutum ya ji nauyin laifi saboda abin da masu launin fatarsa suka aikata a da. A kan wannan gaɓa kaɗai ba ni da ja, domin mu ma addininmu ya koya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Malamin da ya sa yaro ya ji kunyar fatarsa ya ci amanar aikinsa. Sai dai sanin abu daban, ɗaukar laifinsa daban. Ɗan da ya gaji gona ba a tuhumarsa da abin da ubansa ya yi, amma in ana shari'ar iyaka dole ya zauna ya ji yadda aka yi gonar ta kai inda ta kai. Yaron nan farar fata da ɗan'uwansa baƙar fata da ke zaune kusa da shi ƙasa ɗaya suka gada, kuma akwai dalilin da ya sa unguwar ɗaya ba ta yi kama da ta ɗayan ba. In ba a gaya musu dalilin ba, za su ƙirƙiro nasu, kuma dalilin da yaro ke ƙirƙirowa in ya ga wasu mutane kullum a baya shi ne ai su ɗin haka Allah ya yi su.

Lissafin kansa ba ya bukatar a ƙara masa gishiri. Daga cikin mutane wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage daga Afirka, kimanin 388,000 ne kawai aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka. Mafi yawa Barazil da tsibiran Karebiyan aka kai su. Amma a ƙidayar 1860 bayin Amurka sun kusa miliyan huɗu, domin doka ta ce ɗan baiwa bawa ne, ko da ubangidan ne ya haife shi. Da aka rufe ƙofar teku a 1808 sai kasuwar cikin gida ta buɗe. Mutane wajen miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohi irin su Virginia da Maryland aka gangara da su gandayen auduga da rake na Misisipi da Alabama da Luwiziyana, a raba miji da mata, a raba uwa da ɗa. A watan Maris na 1859, a filin sukuwa na garin Savannah, wani mai gandu da bashi ya ci, Pierce Butler, ya yi gwanjon mutane sama da 400 cikin kwana biyu. Audugar da hannayen nan suka tsinka ita ce fiye da rabin duk abin da Amurka ke sayarwa ƙasashen waje gab da yaƙi, ita ke ciyar da masaƙun Ingila da na Massachusetts da bankunan New York. Da aka zo 'yanta bayin birnin Washington a watan Afrilun 1862, gwamnati ta biya diyya har dala 300 kan kowane bawa, amma iyayengiji aka biya. A Janairun 1865 Janar Sherman na sojojin gwamnatin tarayya ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattu eka arba'in arba'in a gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya da Florida. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya sa aka ƙwace mafi yawan filayen aka mayar wa tsofaffin masu gandu.

Akwai kuma masu cewa yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ba don bauta aka yi shi ba, wai don 'yancin jihohi ne. Wannan magana ba sai malami ya yi gardama a kanta ba, ya miƙa wa yara takardun jihohin Kudu da suka ɓalle daga tarayyar kawai. Jihar Misisipi, a sanarwar ɓallewarta ta Janairun 1861, ta faɗa ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta. Alexander Stephens, mataimakin shugaban ƙasar 'yan awaren, ya tsaya a Savannah a watan Maris na wannan shekara ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Su da kansu ba su ɓoye ba. Jikokinsu ne suka zo daga baya suka lulluɓe maganar, suka cika dandalin garuruwan Kudu da gumakan janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don a ci gaba da sayar da mutane. Yawancin gumakan nan an kafa su ne shekaru da dama bayan yaƙin, tsakanin 1890 da 1920 da 'yan kai, daidai lokacin da ake ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a, ana rataye su a bishiya ba tare da shari'a ba. Da aka sauke gunkin Janar Robert E. Lee, babban kwamandan 'yan awaren, a Richmond a watan Satumban 2021, bayan ya shekara 131 a kan dokinsa, wasu suka yi ta kukan ana goge tarihi. Ni dai ban ga an goge Lee daga littafi ko ɗaya ba. Wanda aka goge shi ne mutumin da aka yi wa doka don kada ya iya rubuta sunansa.

Zuwa nan na san yawancin masu karatu suna tare da ni, domin Amurka ake faɗa wa magana. To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai wata hanya da mu Musulmin Afirka ta Yamma muke ba da labarin su Malam Umaru wadda ta fara damuna, kuma ni ma na daɗe ina ba da shi haka.

Mukan jero su ne da alfahari. Ga Ayuba Sulaiman Jallo na Bundu, wanda aka kai gandun taba a Maryland a farkon shekarun 1730, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun wani babban Bature, James Oglethorpe, a Landan, aka fanshe shi aka kai shi Ingila a 1733, ya rubuta Alƙur'ani da ka, aka zana hotonsa da rawani da ɗan littafi rataye a wuya, ya koma gida a 1734. Ga Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalon, wanda aka kama a yaƙi a 1788 ya shekara 40 yana bauta a gandun Thomas Foster kusa da garin Natchez a Misisipi. Ga Bilali Muhammad na tsibirin Sapelo a Jojiya, wanda ya bar ɗan littafi mai shafi 13 kan alwala da kiran salla da ibada. Ga Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa na Jugu, a arewacin Benin ta yau, wanda ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, aka kai shi Barazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Mukan ce, kun gani, malamai ne, 'ya'yan sarakuna ne, ba su cancanci bauta ba. To wa ya cancance ta?

Wannan tambaya ce ta hana ni sakat, domin na lura tunanin nan namu shi ne ainihin tunanin Turawan da suka tausaya musu. Abdurrahman bai sami 'yanci don an gane bauta zalunci ce ba. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta sa aka ɗauka mutumin Maroko ne, aka kai maganar ga Sarkin Maroko, gwamnatin Shugaba John Quincy Adams da sakataren harkokin wajenta Henry Clay suka shiga don a kyautata hulɗa da ƙasar da ke da yarjejeniya da Amurka tun 1786. Foster ya sake shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Shi ma Malam Umaru jaridun zamaninsa sun yi ta kiransa yariman Larabawa. Abin da ake nufi a fili yake: mutumin da ya iya rubutu, mai natsuwa da kamala, ai ba zai zama baƙar fata na gaske ba, an yi kuskure ne aka haɗa shi da sauran. Da wannan dabara aka cire mutum biyar ko goma daga cikin miliyoyi, aka bar hujjar bautar da sauran tana nan daram. Idan muka ce abin takaicin shi ne an bautar da malami, mun sa hannu a kan cewa bautar da manomi da ba ya karatu, ko matar da ke bin addinin kakanninta, ba abin takaici ba ne sosai.

A dubi iyalin Abdurrahman. Matarsa Isabella, baiwa ce haifaffiyar Amurka, Kirista. Mutanen Natchez suka yi karo-karo aka fanshe ta da dala 200. 'Ya'yansu kuwa Foster ya riƙe. Tsohon nan ya yi wata da watanni yana zagaya biranen Arewa, yana tsayawa gaban taro yana rubuta Fatiha a takarda ana ba shi kuɗi, don ya fanshi 'ya'yansa da jikokinsa. Kuɗin ba su kai ba. Ya shiga jirgi zuwa Laberiya a farkon 1829, ya rasu a Monrobiya bayan 'yan watanni, bai ga garinsu Timbo ba. Abin da ya tara ya fanshi 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, sauran suka ci gaba da bauta a Misisipi. Jinin Almami ne a jikinsu kamar yadda yake a jikinsa, abin da suka rasa kawai shi ne Larabcin da zai sa wani babban mutum a Washington ya waiwaye su.

Sannan akwai abin da ba mu cika faɗa ba game da Ayuba. Abin da ya kai shi bakin kogin Gambiya tun farko shi ne mahaifinsa ya aike shi ya sayar da bayi biyu ya sayo takarda. Bai daidaita da kyaftin ɗin jirgin Ingilishi ba, ya ƙetare kogi ya musanya su da shanu. A hanyar komowa aka kama shi, aka aske masa kai da gemu, aka sayar da shi ga kyaftin ɗin nan da suka yi ciniki da shi. Da Allah ya kuɓutar da shi ya komo Gambiya, cikin abubuwan da ya fara saya da kyaututtukan Ingila akwai dawaki biyu da baiwa ɗaya. Ban kawo wannan don in ci mutuncin mamaci ba, mutumin zamaninsa ne, kuma ya yi ƙoƙari har aka komo da abokin tafiyarsa da aka kama su tare. Amma mutum biyun nan da aka musanya da shanu, da matar nan da aka saya tare da dawaki, su ma 'ya'yan wasu ne. Babu mai zanen da ya zana su, babu wanda ya rubuta sunansu.

Wanda labarinsa ya fi kusa da ƙofar gidanmu shi ne Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurka ta sani da Nicholas Said. A Kukawa aka haife shi, ɗan Barka Gana, ɗaya daga manyan mayaƙan Shehu Laminu na Borno. Yana yaro mahara suka sace shi, kuma ba Bature ne ya saye shi ba. Ta hamada aka bi da shi zuwa Murzuk da Tarabulus, daga hannun Musulmi zuwa hannun Musulmi, har Istanbul, daga nan ya koma hidimar manyan Rasha, ya zaga Turai, ya iya harsuna da dama. Ya shiga Amurka a 1860 yana ɗa, ya yi koyarwa a Detroit. A 1863 ya ɗauki bindiga ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, wadda sojojinta suka ƙi karɓar albashi sama da shekara guda saboda ana ba farar fata dala 13 a wata, su kuma dala 10 a cire 3 kuɗin kaki, har majalisa ta daidaita a 1864. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana buɗe wa 'ya'yan 'yantattu makarantu. Da ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873, bai ambaci aikin sojan nan ba ko da kalma ɗaya, kuma duk wanda ya san abin da ake yi wa tsofaffin sojoji baƙaƙen fata a Kudu a shekarun nan zai fahimci shirun. Ɗan Borno ya sa ransa a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a Amurka a 1865, alhali a ƙasar da aka haife shi sai a 1936 doka ta kammala soke ta. Mu da muke da kalmomin rinji da murgu da cucanawa a harshenmu, muna kuma sane da gidajen da har gobe ake bincika asalinsu in an zo neman aure, ba baƙi ba ne a wannan zance. Ina neman Amurka ta buɗe takardunta ga 'ya'yanta, kuma ban ga yadda zan nemi haka in ce namu su zauna a rufe ba.

Saboda haka abin da nake so a koyar ya wuce labarin fitattu. A karanta wa yara rubutun Malam Umaru, har da wuraren da ke da wuyar haɗiya, inda ya yabi gidan Owen ya ce suna ciyar da shi abin da suke ci, da inda ya yi maganar Almasihu, domin an yi masa baftisma a cocin Fayetteville, kuma Francis Scott Key, wanda ya rubuta taken ƙasar Amurka, yana cikin waɗanda suka samo masa Baibul na Larabci. A nuna musu kuma ɗan katin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, wanda wani ya rubuta a bayansa da Turanci cewa Addu'ar Ubangiji ce ta Kiristoci, alhali Iza ja'a nasrullahi ce. Yaro mai hankali zai tambayi kansa irin maganar da mutum ke iya yi in abincinsa da makwancinsa da fatar bayansa duk suna hannun mai sauraronsa. Daga nan sai a ɗauke shi a kai shi wurin waɗanda ba su bar ko layi ɗaya ba, su ne kusan duka. Wasu wurare a Amurka sun fara wannan aiki. A Montgomery ta Alabama an buɗe wurin tunawa a 2018 inda aka rataye ginshiƙan ƙarfe sama da 800, kowanne da sunan ƙaramar hukuma da sunayen waɗanda aka kashe a cikinta ba shari'a, inda ba a san sunan ba a rubuta cewa ba a sani ba. A Charleston, a daidai mashigin Gadsden inda jirage suka sauke dubban mutane a shekarun da aka kawo Malam Umaru, an buɗe gidan tarihi a 2023.

Takarda ɗaya nake so kowane ɗalibi ya riƙe a hannunsa tare da ta Malam Umaru, wato takardar ƙidayar bayi ta 1860. Gwamnatin tarayya ce ta buga ta. Tana da gurbin sunan ubangida, da gurbin shekarun bawa, da na namiji ne ko mace, da na launin fata, da na ko ya gudu, da na ko kurma ne ko makaho. Ba ta da gurbin sunan bawa. An dai umarci masu ƙidaya su rubuta sunan wanda ya kai shekara ɗari. Sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta mutanen nan da sunayensu, shi ya sa har yau baƙar fatar Amurka da ke neman asalinsa yakan bi sawu har 1870 ya tarar da bango. A shekarar 1860 Malam Umaru yana raye a Karolina ta Arewa, yana da shekara wajen casa'in. Ya haddace Tabaraka, ya rubuta tarihinsa da hannunsa, ya ambaci sunan mahaifinsa da na malamansa uku na Futa. Saura shekara goma ya kai matsayin da mai ƙidaya zai tambaye shi sunansa.